Wa Ke Yi Masa Guga?

Daren Asabar a Bagalam, ƙofar gidan Ma'azu,
inji na tari, an ɗaura farin zane a bango,
dala ashirin babba, yaro rabin kuɗi.
Sabon ɗan leƙen asirin ya fito.
Ba a sauke shayin farko ba
aka fasa masa leɓe.

Tsahiru mai kabu-kabu ya miƙe tsaye:
"An yi muna musanya! Wannan ba shi ba ne.
Namu daga saman bene yake faɗowa
ya gyara wuyan riga, ya nemi abin sha.
Ina zoben nan mai sa kare barci?
Ina motar da ba mu taɓa ganin ta sha mai ba?
Wanga haki yake,
kamar ni in mai ya ƙare mini a hanyar Tibiri.
In biya kuɗi in kalli wahala?
Ai da ita na baro gida."

Baraka, mai ɗinke mutane a likita,
ta ce ya zauna, ya tare mata.
"Yau na ga ciwo mai kama da ciwo.
Shekara nawa ana harbinsa yana murmushi?
Haƙarƙari in ya karye
ko atishawa sai ka roƙe ta ta dakata."

Aka rabu biyu, har mai tsire ya shiga.
Nomau kaɗai, tsohon jandarma, bai tanka ba.
Wurin da mutumin ya gama da abokin gaba
ya kasa kai kofi bakinsa,
hannu na kaɗawa kamar ganyen bedi,
Nomau ya jawo buta, wai zai yi alwala.
Mun yi lisha tare da shi tun ɗazu.

Ni ba wanda ya tambaye ni.
Shekara ashirin da bakwai ina guga,
gawayi ya san tafina, tafina ya san gawayi.
Tun ina yaro, ina leƙe ta kafar ƙofar silima,
ba bindigar nake kallo ba.
Mutum ya bi ta wuta, ya bi ta laka,
ya fito karin wandonsa na iya yanka albasa.
Na ce lalle akwai wani.
Wani yana can bayan zanen,
yana tashi kafin kiran assalatu,
yana hura dutse, yana fesa ruwa da baki,
ba a rubuta sunansa ko a ƙarshe.
Na ɗauke shi ɗan'uwa.
In na miƙa wa Alhaji shaddarsa ranar Juma'a
ya karɓa bai dube ni ba,
da shi nake hira a zuci.

To jiya sai ga sabon nan a wani ɗakin haya,
shi kaɗai, ya tsuguna gaban bokiti,
rigarsa duk jini,
ya juye mata ruwan zafi.
Ban san na yi ihu ba:
"Na sanyi, wawa! Zafi kama jini yake!"
Dariya har Ma'azu ya tsayar da fim.

Na yi dariyar ni ma.
Sai a hanyar gida, wajen kwata,
abin ya sauko mini:
sun sallami mutumina.
Sun ce gaskiya suke so,
gaskiyar kuwa ta fara da cin aikin mai guga.

Da safe Tsahiru ya faka babur,
ya ajiye riga a kan teburina:
baƙin mai a ƙirji, gwiwar hannu a yage
tun faɗuwarsa ta ran Talata.
Ya ce gobe zai je gaida surukai.
"Ka yi mini ita kamar ta wancan."
Ban tambaye shi wanne ba.
Na ƙara gawayi.